Mayen Ƙarfen Baba Tela

Ranar da Yaya ya fara shigo da ledojin gida, ni na riƙe masa ƙyaure. Da wannan na fara don kada wani ya ɗauka hannuna a wanke yake.

Yaya direba ne a kamfanin da ke kwashe sharar babban asibiti. Aikinsa ya ɗebi ledoji da kwalaye daga bayan ɗakunan jinya, ya kai su can bayan gari inda injin ƙona su yake. Ran nan da la'asar ya yo baya-baya da motar har bakin ƙofarmu, ya ce injin ya lalace, kwana biyu kawai za a ajiye kafin a gyara. Ledojin launi-launi ne, rawaya da ja da baƙi, kowace an ɗaure mata baki, ga kwalaye masu ɗan rami a sama inda ake jefa allura. Ya jibge su a lungun da ke tsakanin banɗaki da ɗakin Baba, ya lulluɓa musu tsohon tampol. Kwana biyu suka zama mako, mako ya zama wata. Injin nan da aka ce ya lalace, daga baya na ji ko tari bai taɓa yi ba.

Roba Yaya ya hango. Robar ƙarin ruwa da igiyoyinta da jikin sirinji farare ne tas, mai sayen roba kuwa ya fi son su a kan na bola. Sharaɗinsa a cire allurai, a ware auduga da bandeji, a ɗauraye. Abin da ya rage sai Yaya ya kai inji, sawu ɗaya maimakon biyu, kamfani na can yana murna da direba mai tattalin mai.

Saura wanda zai zauna ya ware. Yaya kullum yana kan hanya. Anti, matarsa, ta ce ita ko warin asibiti ta ji sai cikinta ya juya. Ni ina koyarwa a firamare, kuma gaskiya da aka fara maganar ƙasa na riƙa kallo. Sai idanu suka koma kan Baba.

Baba ya yi shekara arba'in yana ɗinki kafin ciwon suga ya zaunar da shi. Ya cinye masa gani, sai inuwa-inuwa, ya kuma kashe masa tafin hannu, har yakan riƙe kofin shayi mai tafasa yana ta hirarsa. Keken ɗinkinsa na ɗaki a lulluɓe da zane. Cikin kayan sana'arsa abu ɗaya ne bai rabu da shi ba, wani baƙin maganaɗisu mai rami a tsakiya da ya ciro daga tsohuwar rediyo, ya ɗaura masa tsumma. Mayen ƙarfe yake ce masa. Muna yara, in allura ta faɗi a ɗaki, ba mai ɗaga ƙafa sai Baba ya ja mayen nan a ƙasa ya kamo ta. Yaya ya sha rankwashi a kan wannan doka fiye da kowa.

Shi ya sa ya san ta inda zai ɓullo. Ya je ya durƙusa gaban Baba kamar mai neman albarka, ya ce, "Baba, duk garin nan wa ya san allura kamarka? Likitocin ma ai jiya suka fara riƙe ta."

Baba ya yi dariya har da buga gwiwa. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau, don na ga ya ji daɗi. Shekara uku ba wanda ya ce masa zo ka yi, sai dai tashi ka ci, koma ka kwanta.

Washegari da na dawo makaranta na tarar da shi a kan 'yar kujerarsa a lungun, ya naɗe hannun riga, bahuna uku a gabansa. Ya tsara aikin kamar yadda yake tsara yadi. Sai ya zazzage leda a kan buhu, ya ja mayen ƙarfe a kai sau uku, ya ɗago ya shafa fuskar mayen. In ya ji ba abin da ya maƙale, sai ya ce bismillah ya cusa hannu. Roba a baho ɗaya, auduga da bandeji a na biyu, sirinji a na uku bayan ya murɗe musu kai. Yaya ya ba shi safar hannu, daga cikin ledojin ma ya tsinto ta, Baba ya sa na yini ɗaya ya cire, wai hannun da dama ba ya ji, in an ƙara masa riga ai ya zama na aro. Ƙudaje suka yi sansani a lungun. Warin kuwa ba irin na shara ba ne, wari ne na jini da magani a gauraye, mai kama maƙogwaro, kuma tagar Baba ce ta fi kusa da shi.

Ana cikin mako na uku ina zuba masa ruwan alwala na ga ruwan yana sauka da ja-ja. Na kamo hannunsa na juya. Tafin duk ɗigo-ɗigo ne, wasu sun bushe, wasu sababbi, a gindin babban yatsa kuma ga guntuwar allura ta nutse rabi. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake yawo da ita. Na zare ta, ko gezau bai yi ba, yana ta ba ni labarin wani mai kanti da ya taɓa kawo masa wando a ƙara masa ciki.

Na ɗauko mayen ƙarfen na ɗora allurar a kai, na kife shi. Ta faɗo a faranti. Na sake, ta sake faɗowa. Na kawo allurar ɗinki daga akwatinsa, tun kafin ta kai ta yi tsalle ta manne. Baba ba ya gani, amma kunnensa ras yake, ya ji ƙarar faɗuwar.

"Mene ne wannan, Auta?"

"Allurar asibiti ce, Baba. A hannunka na cire. Mayen ba ya riƙe ta."

Ya ce in sake. Na sake, ta faɗo. Sai ya ce a shekara arba'in wannan abu bai taɓa yi masa ƙarya ba. Na sa guntuwar a gidan ashana na ɓoye, ban ma san dalili ba.

Da Yaya ya dawo na tare shi tun bai cire takalmi ba. Da farko ya ce ɗan sukan allura ne, tela kuwa da sukan allura ya tsufa. Da na matsa ya ce allurai ai a kwali suke, 'yan kaɗan ne masu ganganci ke jefawa a leda, in ina da faɗa in je in yi da nas-nas. Da na ƙara matsawa sai ya tambaye ni wa ke sayen maganin sugar, wa ke cika tukunya, ko alli nake so mu riƙa dafawa. Anti ta leƙo daga kicin ta ce ita a ganinta aikin ma lafiya ne, likita da bakinsa ya ce Baba ya riƙa motsa jiki, kuma tunda ya fara ai ya fi cin abinci. Ta ƙara da cewa mutumin da bai yi kuka ba, ban da neman magana me zai sa a yi masa kuka.

Baba ya ajiye aikin kwana biyu. A kwana biyun nan Yaya bai ce masa komai ba, ko kalma. Da safe ya wuce ƙofar ɗakin da makullin mota a hannu, bai tsaya gaisuwa ba, abin da bai taɓa yi ba tun da ya yi wayo. Baba yana zaune bakin gado ya gyara hula yana jira, ya ji tashin motar. Rana ta uku na tarar da shi a lungun, yana jan mayensa sau uku kamar da.

Na yi masa magana har da hawaye. Ya ce, "Yayanki ne, Auta. In aka ji a waje, aikinsa ya tafi. Ni kuma ba na jin zafi, wallahi ba na ji."

Yatsan ya fara kumbura, ya yi sulɓi yana ƙyalli. Na ce asibiti, Yaya ya ce wane asibiti, inda kowa ya san fuskarsa har masu gadi? Ya kai shi wurin mai kemis na bakin titi, ya ce ƙusa ce ta soke shi. Aka ba da ƙwayoyi, aka shafa wani shuɗin magani, aka naɗe. Baba ya koma aiki da hagu, yana dafe leda da gwiwar hannun dama. Kumburin ya haye tafin, ya kai wuyan hannu. Cokali ya gagare shi. Maɓallin riga ya gagare shi, mutumin da yake ɗinka maɓalli yana kallon titi. Da yamma zazzaɓi ya rufe shi, da safe ya sake shi, Anti ta ce ai sauro ne.

Sannan wari na biyu ya shigo gidan, wannan kuma daga ɗaki yake fitowa. Anti ta riƙa fesa turare a bakin ƙofar. Maƙwabciyarmu ta yi ƙorafi ta kan katanga, aka ce mata masai ne ya cika, ana neman masu kwasa. Na kwance bandejin wata safiya na ga babban yatsan ya yi baƙi kamar gawayi, na kusa da shi yana bin sa.

Sau biyu ina zuwa ƙofar babban asibitin bayan an tashi makaranta, da gidan ashanan nan a jaka. Sau biyu ina juyowa. Nakan tsaya in ga motar Yaya a can gefe, in tuna shi ya riƙa goya ni zuwa makaranta, in tuna abin da dangi za su ce. Tsoro ne kawai, na yi ta sa masa sunan zumunci, hannun mahaifina kuwa yana ruɓewa.

Wata ranar Laraba Baba bai gane ni ba. Yana rawar sanyi yana ba ni haƙuri, wai in dawo jibi, saura aljihu ne kawai bai haɗa ba. Na tari mota ban jira kowa ba. Yaya ya biyo mu a guje, ya sa aka karkata zuwa wani ƙaramin asibiti a ɗaya gefen gari. Can suna kwance bandejin suka mayar, suka ce wannan ya fi ƙarfinsu. Haka muka zagayo muka shiga ta ƙofar da ake ta gudu, masu gadi suna gaida Yaya.

Likitan bai cika magana ba. Ya duba hannun dama, ya ajiye, ya ɗauki na hagu ya buɗe tafin a ƙarƙashin fitila. Ya tambayi abin da ya soke shi, Yaya ya ce ƙusar ƙyaure. Baba ya ɗan farfaɗo a lokacin, ya ce, "Ƙusa ce, likita."

Likita ya bi ɗigon da ke tafin da bakin biro, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ƙusa nawa ce a ƙyauren naku?"

Yaya ya kau da kai. Ni kuma na ƙara matse jakata a hammata, da gidan ashanan a ciki. Likita ya sa aka ɗebi jini, ya ce akwai gwaje-gwajen da sai an maimaita bayan watanni kafin a san an tsira. Washegari aka shiga da Baba tiyata, aka fito da shi babu hannun dama daga wuyan hannu.

A ɗakin jinya akwai wata nas da jininsu ya haɗu. Ranar farko ya kama gefen rigarta da hagu, ya kai kusa da ido, ya ce wanda ya ɗinka wannan sauri yake yi zai tafi cin abinci. Ta yi dariya, daga nan ta daina rubuta lamba kawai a jikin robar ƙarin ruwansa, sai ta manna filasta ta rubuta Baba Tela, gado na tara. Ran nan ta yi masa allura ta jefa a kwali, ya ji ƙarar, ya tambaye ta ina ake kai su. Ta yi masa bayani da alfahari. Ta ce allura kwali, abin da ya taɓa jini leda mai launi, takarda da ɓawon ayaba baƙar leda, in ka kuskure kuwa shugabarsu sai ta wanke ka tas a gaban marasa lafiya. Daga nan mota ta kwashe, a ƙone su ƙurmus.

"Babu hannun da zai sake taɓa ta, Baba."

Yaya na tsaye a ƙarshen gadon yana nazarin fanka. Baba ya ce madalla, Allah ya yi albarka. Can ya ce, "Duk da haka, 'yata, ki riƙa tura ta can ƙasa."

Kwana biyar ina asibitin ban leƙa gida ba. Gwaggo, yayar Baba, ta zo dubiya daga nesa, tsohuwa mai nauyin kunne, aka ce ta sauka a gidanmu ta huta. Rana ta shida da azahar na je ɗauko wa Baba kayan sawa. Tun daga ƙofa warin ya tare ni, sabo fil. Na zagaya lungun. Tampol ya yi tudu fiye da da. A kan 'yar kujerar Baba ga Gwaggo zaune ta ɗaure zane a ƙirji, ta zazzage leda a kan buhu, tana jan mayen ƙarfe a kai. Ta ɗago ta gan ni ta washe baki, ta ce da ƙarfi irin na masu nauyin kunne, matar yayanki ce ta koya mini, wai sau uku ake ja, in bai kama komai ba shi ke nan.

Na riƙe hannunta kafin ya kai. A bahon da ke gefenta, cikin robobin da aka riga aka ware, na hango filasta. Na ɗauko. Baba Tela, gado na tara.

Ban yi ihu ba, abin ya wuce nan. Na ɗaga Gwaggo na kai ta famfo, na wanke mata hannu da sabulu, na duba yatsunta ɗaya-ɗaya. Na karɓe mayen na sa a jaka tare da robar. Anti ta fito tana goge hannu, ta ce mai roba ne ya matsa, kuma Gwaggo da kanta ta ce zaman ya ishe ta. Da ta ga na nufi ƙofa ban ɗauki kayan Baba ba, sai muryarta ta sauya.

"Ina za ki da shi? Auta, yayanki ne fa."

Na ce na sani, ai shi ya sa na kai yau ban tona ba.

Ofishin shugabar nas-nas ɗan ƙarami ne, da jadawalin launukan leda manne a bango. Na jera mata abu uku a tebur, robar, mayen ƙarfe, da guntuwar allura a gidan ashana. Ta karanta filastar, ta gane rubutun. Ta tambaye ni a ina na samo. Na faɗa mata tun daga ranar da na riƙe ƙyaure.

Kafin magariba wata mota ta zo ta kwashe lungun, mutane sanye da takalman roba da takunkumi suka feshe shi, unguwa ta fito kallo. An kori Yaya, an karɓe aikin daga hannun kamfanin, maganar kuma tana gaban hukuma. Na ji an ce yanzu ana auna ledojin a asibiti, a sake aunawa a bakin inji. Ashe abin da ya gagara tun farko sikeli biyu ne.

Dangi kuwa sun yi zama a kaina. Wai na tona asirin gida, na raba ɗan'uwana da abincinsa, da na kira manya an kashe maganar a ɗaki. Kawu ya ce abin da ya faru da Baba ƙaddara ce, mai suga dama ƙarshensa yanka. Na zauna ina sauraro ina jira wani ya tambayi wa ya ajiye makaho a gaban ledar allura, har aka shafa addu'a aka watse ba wanda ya tambaya. Yaya da Anti sun tashi daga gidan. Ba ya gaishe ni, ni ma na daina sa rai.

Baba bai taɓa ce mini na kyauta ba, bai kuma ce na yi laifi ba. Da na gaya masa abin da na yi, tambaya ɗaya ya yi, ko na duba hannun Gwaggo da kyau. Sai ya ce in karɓo masa mayensa. Saura gwaji ɗaya muke jira. Har yanzu in na miƙa masa shayi, dungun yake fara miƙowa kafin ya tuna, in kuma ya ji mota ta tsaya a waje sai ya gyara hula.

An wanke lungun, an yi wa ɗakinsa fenti, allura ko ta ɗinki babu a gidan. Amma kullum da safe in na yi sallama a ƙofarsa da kofi a hannu, sai ya ce in dakata. Ya sunkuya daga bakin gado, ya ja mayen ƙarfen a ƙasa da hagu, sau uku, ya ɗora shi a gwiwa ya shafa da yatsun da ba sa jin komai. Ya san ba ya kamawa. Ni ma na sani. Ina tsaye shayin yana hucewa har sai ya gama.

"To shigo, Auta," yake cewa. "Amma ki duba inda kike takawa."